Tsakuwa a Ƙodar Mai Zobo

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta zo sayen zobo sai ta tsaya a bakin ƙofa da kwalba a hannu tana cewa, "Hajiya Binta, wai da gaske tiyata aka yi miki a Ingila?" Wata ta ce ta ji an cire mini ƙoda ɗaya. A Islamiyya har addu'a aka yi mini ta musamman, alhali ina can ina cin tuwo. To ga labarin na rubuta da hannuna, kowace ta karanta ta bar ni in yi sana'ata. Ba a yanka ni ba, ƙodata biyu suna nan daram. Abin da aka so a raba ni da shi daban ne, kuma ban yarda ba.

'Ya'yana biyu ne a can. Babban yana Manchester. Ɗan fari ne, kun san bakina bai taɓa kiran sunansa ba, don haka a nan zan ce masa Akanta, tunda aikinsa ke nan. Ƙanwarsa Hadiza tana Birmingham, tana auren likita. Su suka haɗa baki suka ce in zo in ga jikoki, kuma cikin dukan watannin Allah ba su zaɓa mini ba sai tsakiyar sanyi. Na bar wa ƙanwata Talatu tukwane da firiza da amanar masu sayen zobona, na ɗaure buhun zobo busasshe, da yakuwa, da kuka, da daddawa, da ɗan kilishi, na kama hanya.

A jirgi aka sa ni tsakanin wani ɗan kasuwa mai minshari da wata yarinya da ta toshe kunne tun daga Kano. Duk sanda ma'aikaciyar jirgi ta miƙo ruwa sai in girgiza kai, don ban ga yadda zan tashi namiji daga barci in ce masa zan zagaya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da muka sauka Manchester, kare ne ya fara yi mini maraba. Wani jami'i ya janyo shi, ya zo yana shinshinar jakata, ni kuma ina ja da baya ina tattare mayafi. Aka buɗe kaya. Kilishi dai ko musu ba a yi ba, aka jefa shi a wani kwandon shara ina kallo, wai ba a shiga ƙasarsu da nama. Jami'in ya ɗaga ƙullin daddawa ya kai hanci, ya yi saurin mayarwa. Da ya zo kan zobo ya ɗebi kaɗan a tafin hannunsa ya ce, "Flower?" Na ce masa, "Drink," na yi masa alamar sha. Ya ɗaure mini buhuna da kansa ya ce in wuce. Na yafe masa kilishin saboda wannan.

Unguwar su Akanta sunanta Moss Side. Gidaje ne na jan bulo a manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kina ji. Baƙar fata sun yi yawa har na fara tunanin ko jirgin bai yi nisa ba. Matarsa Nafisa haifaffiyar can ce, yarinya mai kirki, Hausarta ce dai take tafiya da sanda. Jikokina kuwa Turancinsu ma ta hanci yake fita, ban da "Grandma" ba abin da nake tsinta. Sun gyara mini ɗakin ƙasa, kusa da falo. Akanta ya ce, "Umma, saboda gwiwarki ne, kada ki wahala da stairs." Na yi godiya. Abin da bai lissafa ba, duk da lissafi ne aikinsa, shi ne bayin gidan guda ɗaya ne tak, yana sama, ƙofarsa na kallon ƙofar ɗakin barcinsa. Matakalar kuwa a tsaye take kamar tsani.

Ku da kuka san ni ku faɗa mini. Ni ce zan riƙa jan gwiwa ina hawa ina sauka, ina wucewa ta ƙofar ɗan farina, kowa na jin ƙarar ruwa a bango ya san Umma ta shiga? Ga kuma sallolinsu na sanyi a cunkushe. Kina sallame Azahar La'asar ta shigo, kafin ki gama lazimi rana ta faɗi, in ma ta fito ke nan. Sai na yi dabara. In na hau da hantsi na yi alwala, sai in riƙe ta har Isha'i. Riƙon alwala kuwa ba ya yiwuwa da shan ruwa, don haka na daina. Ɗan baƙin shayi mai kauri a ƙaramin kofi, da kurɓi biyu na zobona da nake dafawa kamar jini, shi ke nan. Madararsu ban ko kalle ta ba, ruwa ce tsararo, wanda ya saba da kindirmo ba zai sha wannan ba.

Nafisa kuma kullum da safe sai ta kawo mini wani koren abu a kofi. Ɗanyen alayyahu ne take markaɗawa da wata gyaɗar Turawa da suke ce wa almon. "It's very healthy, Umma, yana ƙara jini." Ta kuma jefa mini wata ƙwayar bitamin C mai tafasa a ruwa, wai maganin mura. Na ga surukata ta tashi da sassafe ta yi don ni, sai in rufe ido in shanye. A garinmu akuya ce ke cin ɗanyen alayyahu, amma ban faɗa mata ba.

Mutum ɗaya na yi ƙawa da ita a layin, Anti Gloriya, wata tsohuwa 'yar Jamaika da ke gidan da ke manne da namu. Ranar da na fara dafa zobo da citta da kanumfari, sai ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa tana shaƙar iska tana cewa, "Sorrel! Sorrel!" Ashe su ma suna shansa, shi ne abin shansu na Kirsimeti. Ta ɗanɗana nawa ta dafe ƙirji. Washegari ta kawo mini nata, na kai hanci na ji warin giya, na mayar mata da kofinta ina "Astagfirullah", ita kuma tana dariya har da hawaye. Daga ranar ta riƙa ware mini wanda ba a zuba komai ba. Turancina na kasuwa ne, ita ba ta jin Hausa ko ɗaya, amma sai mu yini muna hira.

Wata Asabar Akanta ya kwashe mu zuwa Rusholme cin abinci. Titi ne guda, gidajen abinci na Pakistan da Larabawa a jere, bas mai bene na bin bas mai bene ba hutawa. An kawo gasasshen nama ke nan, na kai loma ɗaya, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a bayana, ƙasan haƙarƙari, ana jan ta zuwa mara. Na haihu ba sau ɗaya ba, na san naƙuda. Naƙuda tana ba ki hutu ki numfasa, wannan ba ta san hutu ba. Zama ya gagara, tsayuwa ta gagara, na yi amai a gaban mutane a bakin titi. Ban taɓa jin kunya da azaba sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

A asibiti muka yi zaman jira har na fara salati da ƙarfi. Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Gana, ta zango, unguwar Hausawan can, ta ji ina "wayyo Allah" ta juyo ta ce, "Maama, sannu, ina ke ciwo?" Wallahi rabin ciwon ya tafi. Aka yi mini allura, aka sa ni cikin na'urar hoto. Suka ce tsakuwa ce ta taso daga ƙoda ta maƙale a hanyar da fitsari ke bi, amma ƙarama ce, za ta fita da kanta. Aka ba ni magani, aka ce in sha ruwa da yawa. Sannan nas ɗin ta miƙo mini wata 'yar rariya ta raɗa mini cewa in riƙa tacewa, in tsakuwar ta fito a kawo a duba irinta. Duk tsawon shekarun da na yi ina tace zobo ban taɓa zaton ga inda tata za ta kai ni ba.

Da muka koma gida Akanta ya duƙufa a kan waya yana karatu. Da safe ya fito da fuska a murtuke ya tsaya a ƙofar kicin.

"Umma, na gano matsalar. Oxalate ne. Yana cikin ganyayyaki masu tsami, shi ke zama stone. Zobo, yakuwa, duk ki manta da su. It's not safe."

Ina kallo ya ɗauki buhuna, wanda jami'in gwamnatin Ingila ma ya ɗaure mini da hannunsa, ya fita da shi ya jefa a shara. Na haɗiye. Amma da la'asar sai na ji shi a falo yana waya da Talatu, bango kuwa na gaya muku ba ya riƙe magana. Yana cewa, "Anti, a daina dafawa daga yau. A nemi wanda zai ɗauki firizar, a raba tukwanen. Umma ta gama sana'a. In ta dawo ma hutu za ta yi, zan riƙa turo komai."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Zobon nan da shi na riƙe gida bayan rasuwar mahaifinsu. Da shi aka san ni daga Gwammaja har bakin kasuwa. Shi ke tashina da asuba, shi ke kawo mini ku ƙofar gida muna gulma. A ce yaro ya rufe mini shi ta waya, ko shawara ba a yi da ni ba, kamar na riga na mutu ana rabon gado? Ba zan iya tsayawa in yi sa-in-sa da ɗan fari ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Amma ƙafata tawa ce.

Ranar Litinin suna fita aiki, yara suna tafiya makaranta, na ƙwanƙwasa wa Anti Gloriya. Na ce mata, "Birmingham. My daughter. Today." Ta dube ni, ta shiga ciki, ta fito da buhuna. Ashe ta ga lokacin da aka jefar da shi, ta bi ta ciro, yana nan a ƙulle cikin leda ko ƙura bai taɓa ba. Na rungume ta. Ita ta sa ni a bas har tashar manyan motoci, ta yankar mini tikiti a wayarta, ta tura mini babbar gorar ruwa cikin jaka tana nuna ni da yatsa tana cewa, "Drink, Binta!"

Direban motar na da rawani da gemu har ƙirji. Na yi masa sallama cikakkiya, na ce, "Alhaji, a yi mana tuƙi a hankali." Ya yi murmushi ya haɗa tafukansa. Sai daga baya Hadiza ta ce mini ba Musulmi ba ne, wasu mutanen Indiya ne masu addininsu daban, rawanin nasu ne. To, ya dai yi tuƙin a hankali. Hanya ruwan sama ne tun daga farko har ƙarshe, ba abin kallo sai manyan motoci da tumaki a jiƙe. Na sha ruwan Gloriya, na shiga ɗan bayin da ke bayan motar ina tangaɗi ina dafa kujerun mutane. Ba wanda ya san ni, ba wanda na haifa, ban ji kunyar kowa ba.

Daga tasha na kira Hadiza. Ta zo a gigice. "Umma! Ke kaɗai? Yaya ya sani?" Na ce, "Zai sani." Unguwarsu Erdington, tana da babban titi mai shaguna, har kuɓewa ɗanya da rogo na gani a gaban wani shago. Gidan nasu flat ne, wato sashe guda a hawan ƙasa, kuma abin da na fara dubawa shi ne bayi. Yana nan kusa da ɗakin baƙi, ba matakala ko ɗaya. Na ce alhamdu lillahi.

Bayan 'yan kwanaki tsakuwar ta fito. Na tsaya ina kallonta a rariya. Ba ta fi ƙwayar dawa ba, baƙi-baƙi, jikinta duk ƙaya. Wannan ce ta durƙusar da ni a titi. Hadiza ta sa ta a 'yar kwalba aka kai asibiti. Akanta yana ta bugowa, ni kuma kullum sai in sa a ce masa ina salla.

Da sakamako ya fito sai aka shiga wata matsalar. Mijin Hadiza likita ne, shi ya san abin, amma surukina ne, Bakatsine mai kunya, wanda ko gaishe ni zai yi sai ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta yaya za mu yi zancen fitsari ni da shi? Sai ya zauna a ƙasa ya fuskanci talabijin da ke kashe, ni na fuskanci taga, Hadiza a tsakiya.

Ya ce, "Hadiza, ki gaya wa Umma tsakuwar irin wadda aka fi samu ce. Abu biyu ne suka haɗu suka yi ta, oksalet da kalsiyam."

Na ce, "Hadiza, ki ce wa Likita ina ji, ya yi da Hausa."

Ya yi bayani dalla-dalla, yana kallon talabijin. Wai oksalet wani sinadari ne da ke cikin tsirrai da yawa, alayyahu na kan gaba, akwai shi a gyaɗa da almon da baƙin shayi da ganyayyaki masu tsami. Jiki ma da kansa yana yin nasa, kuma in bitamin C na ƙwaya ya yi yawa wani ɓangarensa oksalet yake komawa. Jiki ba ya amfani da shi, ƙoda ce ke fitar da shi. Kalsiyam kuwa shi ne na madara da nono, mai ƙarfafa ƙashi. Su biyun in sun haɗu sai su manne. In a hanji suka haɗu, wato mutum ya ci ganyen tare da nono ko madara, sai su manne a can su fita ta bayan gida, ba ruwan ƙoda. In kuwa oksalet ya tarar ba kalsiyam a hanji, sai ya shiga jini ya tafi ƙoda, ya tarar da kalsiyam ɗin da ke fita a fitsari, su manne a inda bai kamata ba. Ya ce gishiri mai yawa ma na ƙara turo kalsiyam can.

"Amma babban abin shi ne ruwa," in ji shi. "Kamar sukari ne a zobo. In ruwa ya wadata ba a ganinsa, in ruwa ya yi kaɗan sai ya kwanta a gindin tukunya. Hadiza, ki tambayi Umma ko tana shan ruwa sosai a Manchester."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce, "Hadiza, ki tambaye shi zobo fa."

Ya ce gaskiya yana ɗauke da oksalet, bai kamata mai tsakuwa ta sha mai kauri kamar jini a madadin ruwa ba. Amma shi ba zai ce a daina ba. A sirka shi, a sha daidai, a bi da ruwa, a koma wa nono. Kuma wannan irin tsakuwar tana son dawowa, don haka ba wasa.

Ranar Asabar Akanta ya iso. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Likita ya maimaita masa komai da Turanci, har zancen koren abin Nafisa, na ga ya sunkuyar da kai. Amma bai sauka ba. Ya ce, "Duk da haka, Umma, me ya sa za ki koma tsayuwa a gaban wuta? Ki huta. In ciwon ya sake tashi a can fa, wa zai kai ki asibiti?" Sai ya ƙara da cewa, "Lokacin rasuwar Baba ina nan ina exams aka bugo mini. Ko jana'iza ban samu ba. Ba zan iya sake ɗaukar irin wannan wayar ba."

Tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi, ban ɓoye muku ba. Amma na ga in na yi shiru yau, tausayi zai rufe mini tukunya. Na juyo na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana zanen goyo, ga suruki a zaune.

Na ce, "Shekara nawa ina shan zobo a Kano, tsakuwa ba ta same ni ba sai a gidanka? Ruwa na daina sha. Bayinka na sama, a ƙofar ɗakinka, gwiwata ba ta hawa, kunyarka ba ta bar ni na faɗa ba. Alwala ɗaya nake riƙewa tun hantsi har Isha'i. Ka tambayi waya, ka tambayi Talatu, ni da ke zaune a gidanka ba ka tambaye ni ba. Mutuwa kuwa, in ta zo, gara ta same ni a gaban tukunyata da ta same ni a kujera ina jiran saƙonka. Zan sha ruwa, zan sha nono, zan ga likita. Zobo kuwa ba mai rufe mini shi."

Likita ya tashi sumsum wai zai duba mota. Hadiza ta rufe baki da mayafi. Akanta ya share hawaye ya ce, "Umma, wallahi ban sani ba. Ki yafe mini." Na ce ya tashi ya wanke fuska, yaran Hadiza na kallo. Da yamma na dafa zobo daga buhun da ya jefar, na sirka shi sosai, na zuba masa. Ya shanye ya miƙo kofi a ƙara.

Da na dawo na tarar Talatu ko cokali ba ta bayar ba. Ta ce, "Yaya, na ce masa to, na kashe waya, na ɗora tukunya." Shi ya sa ba ku ga an rufe ko na kwana ɗaya ba. Wadda ta lura na rage wa nawa kofin kauri, ko ta ga mai nono na tsayawa a ƙofata kullum, yanzu ta san dalili.

Akanta kuwa ya samu sabon aiki. Kowace safiya sai ya bugo, ko gaisuwa ba ya gamawa sai ya ce, "Umma, kin sha ruwa?" Ba na amsa masa. Sai in je randa in cika moɗa, in kara wayar a maƙogwarona in shanye yana ji. Makon jiya ya turo mini hoto. Ya sa an fasa ƙarƙashin matakalar nan an yi ɗan bayi, ga buta sabuwa a ajiye a gefe. Bai rubuta komai a ƙasan hoton ba. Na daɗe ina kallonsa, har Talatu ta tambaye ni ko hayaƙi ne ya shiga idona.

Na aika masa cewa butar ta yi ƙanƙanta, kuma in zan zo da buhuna zan zo.